Kacici-kacicin Kunne: Wa Ya San Mai Kiɗan Nan?

Turawa suna da wani wasa da suke gwada sanin juna da shi a fagen kiɗa. Akan sa faifai, a bar shi ya yi daƙiƙa biyar ko goma, sa'an nan a tsayar, a tambayi masu gasa su faɗi sunan kiɗan da wanda ya tsara shi. A Amurka an fara irin wannan a rediyo cikin 1952, a wani shiri mai suna Name That Tune, kafin a mai da shi talabijin a 1953. A Ingila kuwa gidan rediyon BBC ya soma nasa, Counterpoint, a 1986, kuma kiɗansu na dauri, wanda suke ɗauka gangariya, yana da babban kaso a cikinsa. Sautuka huɗu kacal na farkon wani kiɗa na Beethoven, wanda aka fara kaɗawa a birnin Viyana a 1808, sun isa su sa ɗan makaranta a can ya ɗaga hannu.

Ra'ayina shi ne mu ɗaliban ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, mu ɗauki wannan wasa mu ɗora shi a kan kiɗanmu na dauri, mu mai da shi gasa ta kowace shekara. Kunnen da ke gane wannan kiɗa yana neman ƙarewa tare da tsararrakin iyayenmu, kuma in ya ƙare, faifan da aka adana sun zama akwatin da aka ɓatar da mabuɗinsa.

In aka duba, wasan ba baƙo ba ne a wurinmu. Bahaushe ya san take tun kafin a ƙera rediyo. Da yake harshenmu mai hawa da saukar murya ne, ganga tana iya bin karin magana har mai saurare ya ji abin da take faɗi. Saurayi a gonar gayya yakan ji an buga takensa daga nesa, ya zabura ya ƙara ƙaimi, ba tare da an ambaci sunansa ba. Ɗan dambe yakan ji nasa, jikinsa ya ɗauki tsuma. Tsohuwa tana cikin ɗaki takan ji tambari ko kakaki ta san abin sarki ne, ta ji kalangu ta san mahauta ne, ta ji dundufa ta ce maƙera, ta ji garaya ta ce maharba ko 'yan bori. Wannan ilmi ne sosai, ko da yake ba a allo aka koye shi ba, kuma bugu biyu ko uku sun ishe su.

Yanzu a tara ɗalibai ɗari na jami'a, a sa musu kiɗa na daƙiƙa goma. Nawa ne za su bambanta kotso da taushi? Dukansu kayan fada ne masu fata ɗaya, da hannu ake kaɗa su, amma kotso dogo ne mai tsukakken ƙugu da buɗaɗɗen gindi, taushi kuwa gajere ne mai kama da akushi, saboda haka amonsu ya sha bamban. Nawa ne za su raba goge da kukuma, ko gurmi da kuntigi? Alhali kuwa sanin abin kiɗa shi ne rabin sanin makaɗi. Wanda ya ji kotso ya san yana wajejen Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ko Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991. Wanda ya ji taushi sai hankalinsa ya koma ga Salihu Jankiɗi, makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ko Mamman Sarkin Taushin Katsina na fadar Sarki Usman Nagogo. Kalangu masu amshi za su kai shi ga Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Kuntigi mai tsirkiya ɗaya na Ɗanmaraya Jos ne, wanda ya rasu a 2015. Ƙwarya da shantu na mata ne, kuma a kiɗan ƙwarya sunan Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, ba ya ɓuya. Gurmi kuwa bai kamata ya gagari ɗan Jigawa ba, tun da Haruna Uji maƙwabcinmu ne na Haɗeja.

Ba laifin matasa kaɗai ba ne da wannan sani ya dusashe. Makaɗin fada yana rayuwa ne a inuwar ubangidansa. Tun da aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun hukumomin En'e a ƙarshen shekarun 1960, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya biyo baya, ƙarfin fada ya ragu, abin da take ciyar da makaɗa da shi ma ya ragu. Gayya ta ja baya. Daga shekarun 1990, finafinan Hausa suka zo da kiɗan fiyano da kwamfuta, wanda mutum ɗaya kan haɗa a ɗaki, har ya zama gidan biki ba ya bukatar ƙungiyar makaɗa. Yaron da ya tashi bai taɓa zama kusa da mai kotso ba, ina zai san amonsa?

Na san akwai masu cewa wahalar banza ce, tun da wayar hannu tana iya faɗin sunan kiɗa cikin ƙiftawar ido, kamar yadda manhajar Shazam take yi. Sai dai ya kamata a san yadda irin wannan manhaja take aiki. Takan ɗauki alamomin sautin da ta ji, ta gwada su da na faifan da aka riga aka zuba a rumbunta. Abin da ba ya cikin rumbun, ba ta san shi ba. Waƙar da aka ɗauka a ƙofar fadar wani hakimi da rikoda mai batir, take kwance a kaset cikin adakar wani dattijo a Gagarawa, babu wayar da za ta ba ka labarinta. Ko da ta faɗi sunan makaɗi, ba za ta gaya maka wa aka yi wa waƙar ba, ko wane ɗan sarki ne aka yi wa zambo a ciki, ko rikicin sarautar da ya jawo habaicin. Wannan sai mutum.

Akwai kuma masu ganin kiɗa roƙo ne, bai cancanci lokacin ɗalibi ba, wasu kuma suna da ƙyamarsa ta fuskar addini. Ban raina damuwarsu ba, kuma ba wanda za a tilasta wa shiga. Amma ba rawa muke kira a yi ba, nazari ne. Waƙoƙin fada taska ce ta tarihi da harshe: jerin sarakuna, da sunayen garuruwa da yaƙe-yaƙe, da kalmomin doki da kayan hawa waɗanda ba a ƙara jinsu a bakin kowa. Jami'o'inmu sun daɗe da yarda da haka. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan makaɗa da mawaƙan Hausa, kuma tun a 1971 wasu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Abin kunya ne baƙo ya san sunan kowane sashe na kalangu, jikan mai kalangun bai sani ba.

Ga yadda nake ganin za a tsara gasar. Kowace ƙaramar hukuma cikin huɗun nan ta fito da ƙungiya ta mutum huɗu, maza da mata. A sa kiɗa na daƙiƙa goma. Tambayar farko, wane abin kiɗa ne; ta biyu, wane makaɗi ne; ta uku, mai maki mafi yawa, wa aka yi wa, ko ga wane rukunin jama'a ake yin irinsa. Wannan ta ukun ita ce za ta hana wasan zama haddar sunaye kawai. Alƙalai su haɗa da malamin Hausa da dattijon fada da makaɗi mai rai, kuma bayan kowace amsa a bar waƙar ta ɗan yi nisa, ɗaya daga cikinsu ya yi bayani. A yi zagayen farko a makarantun sakandare lokacin hutu, a yi na ƙarshe a Kwalejin Ilmi ta Gumel, a roƙi Rediyon Jigawa ya watsa. Kayan aikin ba su wuce lasifika da waya da allo ba.

Sai dai da zarar an fara tattara abin da za a sa, za a tarar faifan makaɗan Sakkwato da Zamfara da Katsina sun cika kasuwa, saboda Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ɗauke su ya yaɗa su, na gida kuwa sai an tona. A nan ne babban amfanin gasar yake. Masarautar Gumel ta Mangawa ce, mai daɗaɗɗiyar alaƙa da Barno, kuma tana kan iyaka da ƙasar Damagaram, saboda haka kiɗan fadarta da na karkararta sun cancanci a saurare su a kan kansu. Kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, tana tara mutanen ƙasashe biyu, kuma wanda ya shiga da na'urar ɗaukar murya da ladabi ba zai fito hannu rabbana ba. Kowace ƙungiya a wajabta mata kawo kiɗa biyar na yankinta, da sunan makaɗi da garinsu da shekarar ɗauka, bisa izninsa ko na iyalinsa, kuma a ba shi hakkinsa.

Ku 'yan'uwa da kuka fara aikin gwamnati, musamman malaman makaranta da ma'aikatan sashen ilmi da yaɗa labarai na ƙananan hukumomi, wannan aiki yana bukatar ɗakin taro da takardar izni da ɗan abin sallamar dattawa, kuma duk suna hannunku. Mu ɗalibai namu shi ne ƙafa da kunne. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma dattawan da za su iya jin bugu biyu su faɗi mai taken suna raguwa kowace shekara. Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu su sa wannan batu cikin ajandar taronmu mai zuwa, su naɗa kwamitin da zai fara tattara kaset kafin hutun ƙarshen zango. Allah ya sa mu dace, amin.