Ba Kowace Rama Ce Sammu Ba

Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wani sakaci da ke cin rayuka a gidajenmu. Idan mai ciwon sukari, ko mai cutar ƙanjamau, ko tsoho, ko yaron da yunwa ta galabaita ya fara ramewa, da zazzaɓin da ba ya yankewa, da gumin dare, sai mu ce ai ciwonsa ne na da. Wasu kuwa su ce sammu ne, su nufi gidan boka. Wal'iyazu billahi! Sau da yawa tarin fuka ne, wato tibi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rubu'in mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar wannan cuta. Garkuwar jiki ce ke danne ta, kuma da zarar garkuwar ta raunana sai ta farka. A shekarar 2023 tibi ya kashe kimanin mutum miliyan 1.25, daga ciki har da masu ƙanjamau 161,000.

Abin lura shi ne, a jikin mai rauni ba lalle ne ya zo da tari ba. Yakan ɓuya a kaluluwar wuya, ko ƙashin baya, ko ƙwaƙwalwa.

Saboda haka wajibi ne mu kai irin waɗannan 'yan'uwa asibiti, mu nemi a yi musu gwajin tibi. A Nijeriya maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, yawanci ana shansa wata 6 ba yankewa. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.