Matsalar Magana ga Yara a Yammacin Zamfara: Ba Duka Aka Taru Aka Zama Ɗaya Ba

Malamin firamare da aka tura Anka, Gummi ko Bukkuyum zai tarar da yaran da maganarsu ba ta fita daidai. Babban kuskure ne ya ɗora su duka a kan ma'auni ɗaya, balle ya kira su daƙiƙai.

Mai tsamin baki yakan musanya wani sauti da wani, kuma galibi abin yakan washe da girma. In'ina kuwa takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5, sannan ta saki mafi yawan yara da kanta. Cikin waɗanda ta liƙe wa har girma, maza sun ninka mata kusan sau huɗu. Basirar irin wannan yaro lafiya lau take. Tsawar malami da dariyar 'yan aji ne ke ƙara ɗaure masa harshe.

Akwai rukunin da wannan yanki ya fi ko'ina saninsa. A shekarar 2010 gubar dalma, daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje, ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma. Bagega ma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi wa dubban yara magani, amma magani yana rage dalmar da ke cikin jini ne kawai, ba ya mayar da abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Yaron da ta taɓa yakan yi jinkirin fara magana, kalmominsa kaɗan ne, umarni mai gaɓa biyu ma yakan kuɓuce masa. Tunda haƙar zinariya ba ta tsaya ba, bai dace malami ya ɗauka labarin ya wuce ba.

Sai wanda sanƙarau, irin wanda ya ɓarke a jihar a 2017, ya taɓa wa kunne. Wannan ji ne ya gaza, harshe ya bi baya.

Ɗan Gummi da ya ce "hwari" ko "biyat" kuwa ba shi da wata lalura, karin harshen iyayensa yake yi. Haka ma ɗan Fulanin da Hausa ba ta zauna masa ba tukuna.

Saboda haka, kafin malami ya yanke hukunci, wajibi ne ya tambayi iyaye yaushe abin ya fara, ko ya biyo bayan zazzaɓi da jijjiga, ko ana niƙa dutse a gidan. Ya kuma kira sunan yaron daga baya ya ga ko zai waiwayo. Wanda aka yi zargin dalma ko rashin ji gare shi, asibiti ya kamata a fara kai shi.