Kafin ka biya kuɗin kukan jirgi, dubi tafiyarsa

A Ingila da Jamus da Amurka akwai dattawa masu furfura da ke ware ɗaki guda don ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan tebur. Ba kayan wasan yara ba ne. Kan jirgin da bai wuce tsawon tafin hannu da rabi ba, an ƙera shi daidai da na gaske, an rage girmansa sau 87 a ma'aunin HO, ko sau 76 a ma'aunin OO da Turawan Ingila suka fi so, kuma duka biyun suna hawa dogo mai faɗin milimita 16.5. Ni ma ina cikin masu wannan sha'awa, kuma akwai gardamar da ta daɗe a tsakaninmu: shin kan jirgi mai sauti na araha ya cancanci kuɗinsa, ko kuwa araha ce da ba ta ado?

Ina tare da mai araha. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi ƙarfin maganar sauti.

A da, wutar da ka sakar wa dogo ita ce gudun jirgi. Ka ƙara wuta ya ruga, ka rage ya lafa, in jirage biyu ne a layi ɗaya to tare za su tashi, tare za su tsaya. Tsarin DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro a shekarun 1980, ƙungiyar NMRA ta Amurka kuma ta mayar da shi ƙa'idar kowa a farkon shekarun 1990, shi ya sauya wannan. Yanzu wuta tana kan dogo kullum, kuma a cikinta ake aika umarni. Kowane kan jirgi yana ɗauke da ɗan allon lantarki da ake kira dikoda, mai lambarsa ta kansa. Sabo daga kwali lambarsa 3 ce, sai ka canza. Ka kira lamba 37, shi kaɗai zai amsa, sauran suna tsaye da fitilunsu a kunne. Da aka samu wannan, sanya lasifika a cikin jirgi ya zama abu mai sauƙi.

Sai dai tsada. Dikoda mai sauti ta ESU LokSound ko ta Zimo takan haura fam 100, wani lokaci ta fi kan jirgin da za a sa ta ciki kuɗi. Da kamfanin Hornby ya fito da tasa mai suna TTS a kan wajen fam 40, sai ƙofa ta buɗe wa ɗalibi da ɗan fansho. Kamfanin Bachmann ma ya yi irin haka a Amurka da jerin Sound Value. Tsofaffin hannu suka yi ta yatsina fuska, wai sautin siriri ne, wai ba ya iya fitar da kuka da yawa lokaci guda. Gaskiya suka faɗa. Amma na ga yaron maƙwabcina ya danna maɓalli, injin kan jirgi ƙirar Class 37 ya yi tari sau biyu, ya kama, ya shiga gurnani a tsaye, yaron ya sunkuya har kuncinsa na taɓa tebur yana neman inda ƙarar ke fitowa. Wanda ya raina abin da ya jawo wannan yaro, bai damu da ko sha'awar za ta samu magada ba.

Ga inda sharaɗina yake. Kunne yana yafiya, ido ba ya yi. Jirgin gaske mai jan taragu ba ya zabura. Injin yakan ɗaga murya tukuna, ƙafafun su motsa da ƙyar, nauyin ya biyo baya. In kan jirginka yana kuka mai daɗi amma ya yi tsalle daga tsaye zuwa gudu, sautin ma ya zama ƙarya. Lissafin a fili yake: a ma'aunin HO, jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin wajen santimita 19 ne kacal a daƙiƙa. Yawancin sababbin shiga suna tuƙa nasu ninki biyu ko uku na haka ba su sani ba.

Maganin kuwa yana cikin dikodar, har mai araha, kuma kyauta ne. DCC yana raba gudu zuwa matakai 14, ko 28, ko 128. Zaɓi 128. Sannan akwai saituna masu lamba da ake kira CV. Na uku shi ke riƙe da saurin tashi, na huɗu saurin tsayawa. A ƙa'idar NMRA, in ka sa 20 a CV3, jirgi zai ɗauki kusan daƙiƙa 18 kafin ya kai ƙarshen gudunsa. Ka gwada sau ɗaya ka gani. Ka murɗa rimot, injin ya yi ruri, jirgin bai ko motsa ba, can sai ƙugiyar da ke tsakanin taragu ta miƙe ɗaya bayan ɗaya. Nan take za ka fara tuƙi da tunani, kana rage gudu tun kafin tasha ta bayyana, don ka san birki ba zai kama nan da nan ba. Yawancin dikododin yau kuma suna auna juyin motar lantarkin jirgin da kansu, suna ƙara mata ƙarfi a kwana ko a hawa don kada gudun ya sauya. Wannan ne abin da nake fara dubawa a kan jirgi: in sa shi a mataki na ɗaya, in ga ko zai rarrafa ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya fara da na dizal. Dalili kuwa, jirgin tururi mai silinda biyu yana huci sau huɗu a kowane juyin ƙafa, mai silinda uku irin Flying Scotsman sau shida. Dikoda mai tsada tana bari ka daidaita hucin da juyin ƙafar, TTS ba ta yi, kuma a tafiyar hankali ido yana kama saɓanin. Shi kuwa injin dizal a jirgin gaske yawanci janareta yake juyawa, muryarsa ba ta ɗaure da ƙafa ba, saboda haka kuskuren mai araha ba ya fitowa.

Siririn sautin ma yana da magani, don sau da yawa laifin lasifika ne. Masu wannan sha'awa a Turai suna cire wadda ta zo da jirgi su sa ta tsohuwar wayar hannu, wadda ke zuwa a rufe cikin ɗan akwatinta, sai murya ta yi kauri. Wanda ke Kano, a kasuwar Farm Centre zai same ta a teburin kowane mai gyara. Ya dai tabbatar mai om 8 ce.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ƙura. Da hunturu, kwana ɗaya ya isa dogo ya yi fari. Jirgi marar sauti in ya taka datti ɗan jinkiri kawai zai yi, amma mai sauti dikodarsa takan mutu ta farfaɗo, injin ya koma tayarwa daga farko alhali yana tsakiyar tafiya. Tsumma da ɗan sifirit, da kafasitar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, sun fi ƙarin fam 60 a kan dikoda amfani.

A 2023 Hornby ya fito da dikodar HM7000, wadda ake sarrafawa daga waya ta Bluetooth, kana sauke mata sautin da kake so. Wasu kuma suna haɗa na'urar ba da umarni da kansu a kan allon Arduino, da manhajar DCC-EX da ake bayarwa kyauta. Wannan ta biyun ita nake so malaman kwalejojin fasaha su duba, don a tebur ɗaya ɗalibi zai taɓa waya da dalma, ya rubuta umarni, ya kuma ga kan jirgi mai lamba 3 ya amsa masa.