FILIN KIWON LAFIYA: Shekaru Ko Ƙarfin Zuciya?

A makon jiya na kai ziyara Mararaban Rido, a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, don in gai da wani kawuna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ya yi aiki a Kafanchan kafin ya yi ritaya. Na tarar gidan ya rabu biyu. Likita ya ce jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini sun tsuke, ya kuma ba da shawarar a yi masa aiki. Waɗansu 'ya'yansa suka ce a sayar da gona a kai shi. Waɗansu kuwa suka ce mutum mai shekara 72 ba na wuƙar likita ba ne, a bar tsoho ya huta. Shi kuwa Kawu sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da kake rubutu a jarida, gaya mini gaskiya, shin tsufa ne zai hana?" Amsar da na ba shi ita ce zan shimfiɗa muku yau.

Da farko dai, zuciya tamkar injin ban-ruwa take, irin wanda masu noman rani ke kafawa a bakin kogin Kaduna. Tana bugawa wajen sau 100,000 a yini, tana tura jini kimanin lita 5 kowane minti in mutum yana hutawa. Amma fa ba ta juye duk abin da ke cikinta a bugu ɗaya. Babban ɗakinta na hagu yakan cika da jini, sa'an nan ya matse ya fitar da wani kaso. A lafiyayyen mutum wannan kaso yakan kama daga 50 zuwa 70 cikin ɗari. In ya faɗi ƙasa da 40, to, zuciya ta raunana. Ana auna shi da na'urar hoton zuciya da ake kira eko, ba yanka, ba zafi.

Shi kansa injin yana bukatar mai. Man zuciya shi ne jinin da ke bin ƙananan jijiyoyin da suka kewaye ta. In kitse ya tsuke su, likitoci suna da hanya biyu. Ta farko ita ce tiyata, watau a buɗe ƙirji a ɗauko jijiya daga ƙafa ko ƙirji a yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye toshiyar. Dokta Rene Favaloro, mutumin Ajantina, shi ya shahara da ita a Cleveland ta Amurka tun 1967. Ta biyu kuwa, a zura siririn bututu ta hannu ko ta cinya a hura balan-balan a buɗe wurin. Dokta Andreas Gruntzig ya fara yin ta a Zurich cikin 1977, kuma daga 1986 aka soma barin 'yar ragar ƙarfe a ciki don kada jijiyar ta koma ta rufe. Mu a Nijeriya an fara tiyatar buɗe zuciya a Asibitin Koyarwa na Inugu cikin 1974.

To, me ke nuna wanda zai tashi daga aikin lafiya? A 2009 wani likitan Italiya, Marco Ranucci, da abokan aikinsa suka fito da wani lissafi mai sauƙi. A raba shekarun mutum da kason da zuciyarsa ke fitarwa, in kuma ƙodarsa ta lalace a ƙara ɗaya. Gwargwadon girman amsar, gwargwadon hatsarin. Kason Kawu 55 ne, ƙodarsa lafiya lau. 72 a raba da 55 ya ba da 1.3. Ɗauki mai shekara 50 wanda kasonsa 25 ne, nasa lissafin 2 ne cif. Ashe ke nan saurayin ya fi dattijon shiga hatsari. Lalle shekaru suna da nauyi, amma ba su kaɗai ke bisa sikeli ba.

Kada kuma a ɗauka cewa mai raunin zuciya ba shi da rabo a tiyata. An yi wani babban bincike mai suna STICH a kan mutum 1,212 a ƙasashe 22, dukkansu kasonsu bai wuce 35 ba. Aka yi wa rabi tiyata tare da magani, rabi kuwa magani kaɗai. A watan farko waɗanda aka yi wa tiyata sun fi mutuwa. Amma da aka bi su wajen shekara 10, sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna kashi 59 cikin ɗari na masu tiyata sun rasu, na masu magani kaɗai kuwa kashi 66. Ribar ta fi fitowa fili ga masu ƙarancin shekaru, domin tsoho yana da waɗansu cututtukan da tiyatar zuciya ba ta kawar da su.

Ita kuwa ragar ƙarfe labarinta dabam ne. A 2022 wani bincike a Birtaniya a kan mutum 700 masu raunin zuciya ya nuna ba ta ƙara musu tsawon rai fiye da magani mai kyau ba. Amma a lura: in jijiya ta toshe farat ɗaya, ƙirji ya ɗaure, gumi ya keto, to, buɗe ta cikin sa'o'in farko ceton rai ne, ga yaro da babba.

Har ila yau akwai abin da ya shafe mu musamman. Wani bincike da aka buga a 2012 a kan mutum 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya, ya gano hawan jini ne sanadi ga wajen kashi 45 cikin ɗari, toshewar jijiya kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Saboda haka ba duk mai haki da kumburin ƙafa ke bukatar wuƙa ba. Yawancin namu abin da suke bukata shi ne awon jini a kai a kai, rage gishiri, barin taba, da shan magani ba fashi.

Duk wanda aka ce a yi wa nasa wannan aiki, kafin ya sayar da gona ko ya nemi bizar Indiya ko Masar, ya je wurin likitan zuciya, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Shika ko na Malam Aminu Kano, ya yi tambaya huɗu. Nawa ne kason zuciyar? Yaya ƙoda da sukari suke? Jijiya nawa ta tsuke, kuma wacce? Me zai faru in an tsaya ga magani kaɗai? Likitan kirki ba zai ji haushin tambaya ba.

Na gaya wa Kawu cewa tsufa kaɗai bai isa hujjar ƙin aiki ba, kamar yadda ƙuruciya ba ta isa hujjar garaje ba. Ya ce zai koma wurin likita da tambayoyin nan huɗu, tare da 'ya'yansa na ɓangarorin biyu, kowa ya ji da kunnensa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Rai dai a hannun Allah yake, amma neman sani wajibi ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.