Daren da na nemi masauki a Baƙin Daji

Na taso ne da sanin cewa matafiyi ba ya kwana a waje muddin akwai mutane a gari. Ko da tsakar dare ka isa, ka nemi ƙofar mai unguwa, za a shimfiɗa maka tabarma a zaure. Da wannan tunani na hau jirgin ƙasa daga birnin Freiburg na kudu maso yammacin Jamus, a cikin watan Agusta, ban kama ɗaki ba, na nufi yankin duwatsun da suke kira Schwarzwald, wato Baƙin Daji. Ga wanda ya saba da ƙirya da kalgo jefi-jefi, ganin dogayen itatuwa cunkus har rana ba ta taɓa ƙasa ya isa ya bayyana masa asalin sunan.

Jirgin ya ratsa wani kwari mai suna Höllental, ma'anarsa Kwarin Jahannama (na yi ta'awizi, ko da yake wurin sanyi ne da shi), ya sauke mu a bakin tafkin Titisee. Rana ce ta yaudare ni. A wannan lokaci magariba kan kusanci ƙarfe tara, sai na shagala da kallon ruwa da shagunan agogon katako mai kukan tsuntsu, ban ankara ba takwas ta gota.

Agusta kuwa lokacin hutun makarantu ne a jihar. Otal uku na shiga, duk a cike. Ƙananan gidajen baƙi sun riga sun kulle wurin karɓar mutane, domin can iyali ne ke gudanar da su, su ma suna da lokacin cin abinci da na barci. Wanda ya kama ɗaki tun da wuri ana bar masa mabuɗi a ɗan akwati mai lamba. Wanda bai kama ba, sai titi, ga sanyin dutse ya fara saukowa.

Wani direban bas ne ya koya mini kalmomi biyu: Zimmer frei, akwai ɗaki. Ya ce in duba allunan ƙofar gidajen manoma a wajen gari. A gida na huɗu wata dattijuwa ta buɗe, ta dube ni, ta dubi agogo, sannan ta miƙo mini takardar rajistar baƙi. Ban ji maraba ba sai da na cike ta.

A nan ne na ga abin da ya sa na rubuta wannan. Bayan kuɗin ɗaki, ta ƙara 'yan yuro kaɗan na harajin baƙo, wanda suke kira Kurtaxe. Raina ya ɗan sosu, don na san yadda irin wannan kuɗi kan bi ruwa a wuraren shaƙatawarmu, inda za a yanka maka tikiti a ƙofa ka shiga ka tarar ko makewayi babu. Sai ta ba ni kati mai suna KONUS. Da shi na hau bas da ƙananan jiragen yankin kwana uku ban biya ko sisi ba, har gindin Feldberg, dutse mafi tsayi a dajin, mai mita 1,493. Hanyoyin ƙafa duk da alamomi, an rubuta nisan kowace.

Ga mai niyyar zuwa: ya kama ɗaki tun da makonni, ya faɗi lokacin isowarsa, ya yi sayayya ran Asabar don Lahadi yawancin shaguna a rufe suke. Ya kuma yi tambaya kafin ya kai hannu baki. Naman da yankin ya yi suna da shi na alade ne, kek ɗinsu mai farin jini kuma da giyar ceri ake haɗa shi. Da na shaida wa dattijuwar haka, washegari na tarar da burodi, zuma, cuku da ƙwai biyu a kan teburina, ta kuma nuna mini kwalin cukun in karanta da kaina.