Ƙungiyar Kwamfuta, Ga Aikin Zangon Bana



Ra'ayina a wannan makon shi ne ƙungiyar kwamfuta ta makarantarmu ta ɗauki aiki guda ɗaya a wannan zangon, wato ƙirƙirar ƙarin burauza. Ga wanda bai sani ba, burauza ita ce manhajar da muke shiga intanet da ita, kamar Chrome ko Firefox. Ƙarin kuwa wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ake maƙala mata, ta sauya yadda shafi yake fitowa a kwamfutarka kai kaɗai.

Mu ɗauki misali da Tumblr, dandalin da David Karp ya kafa a birnin New York na Amurka a shekarar 2007. Mutane suna ɗora hotuna da zane da gajerun bidiyo da hotuna masu motsi a kansa. Da masu amfani da shi suka ga akwai abubuwan da ke damunsu, ba su zauna jiran kamfani ba. Wani daga cikinsu ya rubuta ƙarin da ake kira XKit. Da shi mutum yana iya ɓoye duk rubutun da ke ɗauke da kalmar da ba ya son gani, ko ya tsayar da hotuna masu motsi. Daga baya Tumblr da kansa ya saka tace kalmomi a dandalinsa. Mu da muke lissafin data kamar kuɗin cefane, ƙarin da zai hana bidiyo kunna kansa ai ba ƙaramin amfani zai yi mana ba.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Fayil uku sun isa a fara. Na farko shi ne manifest.json, inda ake rubuta sunan ƙarin da shafukan da zai yi aiki a kansu da izinin da yake nema. Na biyu na JavaScript ne, shi ke yin aikin. Na uku na CSS ne, shi ke kula da launi da girman rubutu. Gwada shi a kwamfutarka kyauta ne. Sai dai Chrome na wayar hannu ba ya karɓar ƙari, saboda haka dole sai a ɗakin kwamfuta.

Wani zai ce wannan gini ne a filin wani, kuma gaskiya ya faɗa. Yahoo ya sayi Tumblr a 2013 kan dala biliyan 1.1, sannan a 2019 ya koma hannun Automattic. Duk lokacin da masu dandalin suka sauya tsarin shafi, ƙarin yana iya daina aiki dare ɗaya. Akwai ma lokacin da Tumblr ya riƙa nuna gargaɗi ga masu amfani da wani ƙarin mai suna Missing e. Kayan aro ba ya rufe katara.

Amma ku duba abin da ya faru da XKit. Da mai shi ya daina kula da shi a 2015, 'yan sa-kai suka ɗauki rubutun manhajar, domin a buɗe yake ga kowa, suka ci gaba da shi da sunan New XKit. Da Tumblr ya sake sabunta shafinsa, aka sake rubuta shi daga tushe da sunan XKit Rewritten. Ke nan in namu ya lalace, 'yan ajin da ke bayanmu za su gyara, muddin mun bar musu rubutun a buɗe da bayani mai kyau.

Akwai kuma batun amana. Ƙarin da aka ba izinin karanta shafi yana iya ganin abin da kake rubutawa a wurin, har da saƙonninka. Ɗalibin da ya taɓa rubuta ƙari da hannunsa ba zai ƙara danna amincewa ido rufe ba.

Don haka muna roƙon shugaban makaranta da malamin kwamfuta su ware mana awa biyu a mako a ɗakin kwamfuta. Mu kuma ɗalibai, maza da mata, mu zo da abin da ke damunmu a shafukan da muke shiga, mu zaɓi ɗaya mu gyara shi kafin hutu.