Ka taɓa taswira, ka yi gum da bakinka?

Da ku nake, samarin Ƙonni da Malbaza da Illela masu zana taswira a OpenStreetMap. Wani lalaci ya zama muku jiki. Mutum zai wuni yana jan layin hanyoyi, yana sa gidaje da rijiyoyi, in ya zo ajiye aikin manhajar ta buɗe masa akwatin da zai faɗi abin da ya yi, sai ya buga "ok", ko "modif", ko ɗigo ɗaya tal, ya danna ya tashi. Wannan raini ne ga wanda zai zo bayanka.

Tun 2009 kowane ƙunshin gyara yake tafiya da bayaninsa, an kuma ba ka gurbin haruffa 255. Ba wanda ya ce sai da Faransanci. Rubuta da Hausarka, ta fi shiru.

Kuma kai ne ke asara. A ce ruwan damina ya yanke wata hanyar ƙauye a kwarin Maggiya. Ka je a kan babur, ka ga inda ƙasa ta zaftare, ka ga masu amalanke sun buɗe sabuwar hanya ta gefen gonaki, ka dawo ka gyara. Bayan sati biyu wani ɗan sa-kai a Faransa ko Jamus, wanda bai taɓa taka Tsarnawa ba, ya buɗe hoton tauraron ɗan'adam da aka ɗauka da rani shekarun baya. Hanyar tana nan sumul a hoton. Ya duba tarihin gyaran, ya ga "modif". Me zai yi? Zai ɗauka wani ɗan koyo ne ya yi ɓarna, ya mayar da ita yadda take. Ba laifinsa. Kai ka gani da idonka, ka ƙi faɗa. Sai direban da ya ɗauko albasa daga wajen Galmi ya bi abin da wayarsa ta nuna masa, ya je ya tarar da rami.

Yankinmu ma ba ya yafe irin wannan sakaci. Akwai Illela ta jihar Tawa, can wajen Badagishiri. Akwai Illela ta Sakkwato, da ka tsallaka iyaka daga Ƙonni ka shige ta. Ga kuma Allela a cikin gundumar Ƙonni kanta. Wanda ya matsar da kasuwa ko ya canza suna a nan bai ce uffan ba, ta yaya za a gane gyara ya yi ko rikita garuruwan ya yi? Malbaza kuwa sai a 2011 aka cire ta daga Ƙonni ta zama gunduma, don haka duk mai taɓa layin iyakarsu ya faɗi takardar da ya dogara da ita.

Kada ka ce mini ai akwai alamar # da manhajar rabon aiki ta HOT ke zubawa da kanta. Wannan sunan aikin gayya ne, bai ce komai a kan kuyyar da kai ka nome ba. Haka nan masu haɗa gyaran Ƙonni da na Tawa da na Yamai a ƙunshi ɗaya: ku raba, kowane da bayaninsa. In kuma an yi maka tambaya a ƙarƙashin gyaranka, ka amsa.

Abin da ake nema bai fi haka ba: "Na karkata hanyar ƙauyen nan, ruwa ya cinye ta a daminar bana, na je da kaina." Masu kukan tsadar intanet su yi lissafi: hoton tauraron da suka wuni suna buɗewa ya ci kuɗin da ya ninka na wannan layi sau ba adadi.